Rufin da Malam Rediyo Ya Bari Yana Yoyo

Akwai wani dattijo da ya yi ritaya daga gidan waya, wanda duk unguwa ke kira Malam Rediyo. Ba sayar da rediyo yake yi ba, ba kuma gyarawa ba. Magana ce Allah ya hore masa. Idan ya buɗe baki da hantsi, kiran sallar azahar ne kaɗai ke katse shi. Matarsa takan ce ta yi shekaru tana neman inda ake rage masa murya, har yau ba ta gano wurin ba.

Amma fa mutumin kirki ne, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Ba ya cin haƙƙin kowa, ba ya raba mutane. Abu ɗaya ne ya fi ƙarfinsa: yana son a ce shi ne ya sani.

Da aka biya shi kuɗin sallama, bai sayi mota ba kamar sauran abokan aikinsa. Sai ya ɗebi wani kaso ya sayi hannun jari a wani kamfanin fasaha, mai manhajar da 'yan kasuwa ke karɓar kuɗi da ita ta waya. Dalilinsa a fili yake. Autarsa a can take aiki, a sashen da ake gwada kaya kafin a fitar da su kasuwa. Tun ranar da ta fara aiki ya daina kiranta da sunanta, sai dai Injiniya.

Ranar da ta ji ya saya, ta zaunar da shi ta yi masa bayani. Ta ce akwai hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannayen jari, kuma sunayen iyayen ma'aikata da mazajensu duk suna wurinta. Idan ɗan gida ya saya ko ya sayar saboda wani labari da jama'a ba su ji ba tukuna, ma'aikacin ne zai fara amsa tambaya, kuma aikinsa na iya tafiya.

"Don haka, Baba, kada ka taɓa tambayata zancen ofis," in ji ta.

"Ni da nake ba wasu labari, me zan tambaye ki?" ya ce.

Majalisarsa tana shagon aski na bakin titi. Akwai benci ɗaya da kujerar aski mai ƙara, da madubin da ya tsage ta gefe, da fankar da sai an zungure ta da tsinken tsintsiya take tashi. Mai Aski da kansa ya sayi hannun jarin bayan ya sha wa'azin Rediyo. Haka ma Dogo, tsohon mai sayar da kayan gyaran mota, mutumin da bai taɓa yarda an riga shi zuwa ko'ina ba.

A shekarar da nake ba ku labari, kamfanin ya sanar da cewa ba zai raba riba ba. Zai zuba kuɗin wajen ƙera wayarsa ta kansa. Daga ranar, shagon aski ya koma zauren muhawara.

"Ni dai a ba ni ribata in ga abina a hannu," in ji Mai Aski, yana kaɗe kilifa. "Da man waya zan biya kuɗin makarantar yara?"

"Rigima ce kawai," in ji Dogo. "Don ka iya ɗinka riga ba shi ne ka iya saƙa yadi ba. Su tsaya kan abin da suka iya."

Rediyo ya gyara zama. "Ku ba ku gane ba. Mai manhaja ɗan haya ne a cikin wayar wasu. Ran da mai gida ya ga dama sai ya ƙara masa haya, ko ya ce ya kwashe kayansa. Wanda ya gaji da haya ai gini yake yi. Kuma mai gini dole ya ɗaure ciki na ɗan lokaci."

"To idan shugabannin suka cinye kuɗin ginin fa?" Mai Aski ya tambaya.

"Hukuma na kallonsu."

Dogo ya tuntsire da dariya. "Wace hukuma? Kare ne marar haƙori, haushi kawai ya iya."

Haka suke yi kullum, kowa ya tashi da ra'ayin da ya zo da shi, gobe kuma a dawo a ɗora. Ba don wani ya ci wani ake yi ba, hirar ce ke musu daɗi.

Sai dai akwai wani ɗan abu da Rediyo ke yi. Duk lokacin da aka ce masa, "Injiniya ce ta tsegunta maka ko?" ba ya cewa e, ba ya cewa a'a. Sai ya yi murmushi ya shafa gemu. Gaskiyar magana, yarinyar nan ba ta taɓa faɗa masa ko launin labulen ofishinsu ba. Amma murmushin ya sa abokansa suka ɗauka yana da kunne a ciki, shi kuma hakan na yi masa daɗi. Har ta kai idan ya saya su saya, idan ya tsaya su tsaya.

Ana cikin haka damina ta kawo kai. Kwanon rufin gidan Rediyo ya tsufa, tun bara yake ɗiga a falo, daidai kan kujerar baƙi. Kafinta ya hau ya duba, ya sauko yana karkaɗe hannu ya ce faci ba zai yi ba, sai an sauya gaba ɗaya.

Lokacin kuwa hannun jarin ya yi tsada, domin kowa na jiran fitowar sabuwar wayar. Rediyo ya yi shawara da matarsa, suka tsayar cewa zai sayar da rabi a yi rufi. Ya kira dillalinsa ya ce masa ya shirya, zai shigo farkon mako.

A ƙarshen makon, Injiniya ta zo cin abincin rana kamar yadda ta saba. Ta ciro wata baƙar waya marar suna a jiki, irin wadda ake ba su su gwada, ta jona ta a caji a kan teburin falo, ta shiga kicin taya mahaifiyarta aiki. Rediyo ya fita bayan gida wurin tattabarunsa.

Can sai uwar ta ɗaga hanci. "Wa ya sa roba a wuta?"

Suka fito falo da gudu. Ledar teburin ta narke ta manne, bayan wayar ya kumbura kamar burodi. Injiniya ta zare cajar, ta naɗe wayar a tawul, ta fita bayan gida tana danna tata wayar. Ba ta lura da mahaifinta ba, yana tsugune bayan akurkin tattabaru da gwangwanin hatsi a hannu.

"Wannan ma ta yi," ya ji tana cewa, murya ƙasa-ƙasa. "A'a, ba tsautsayi ba ne, batirin ne gaba ɗaya. Ba za a iya fitar da ita ba bana. Zan rubuta haka, ko ransu ya so ko bai so ba. Sai sun zauna sun sanar da hukuma tukuna."

Ta juyo suka haɗa ido.

"Baba, ka ji?"

"Kunne ba shi da murfi, 'yar nan."

Ta dubi tawul ɗin hannunta. Ya ga idonta ya kawo ruwa, irin yadda yake yi tun tana ƙarama idan ta fasa kofi. "Ba zan ce ka yi kaza ko ka bar kaza ba," ta ce. "Ko wannan na faɗa, laifi ne."

"Je ki ci abincinki," ya ce.

Bayan ta tafi, ya zauna a falo ya ɗaga kai yana kallon tabon ruwan da ke jikin silin. Lissafin ba mai wuya ba ne. Idan aka yi sanarwa, farashi zai faɗi, kuɗin rufi ya bi iska. Idan kuma ya sayar kafin nan, na'urar hukuma za ta nuna cewa mahaifin mai gwajin waya ya tsere daidai kan gaɓa. Wa zai yarda cewa rufi ne dalili?

"Ai tun kafin ta zo ka yi niyya," in ji matarsa, tana gwada shi. "Allah ya sani."

"Allah ya sani, amma yanzu ni ma na sani," ya ce. "Wanda zai saya daga hannuna fa? Shi ma wani ne mai iyali, zai ba ni kuɗin lafiyayye in miƙa masa gurgu."

Sai ta tashi. Ta shiga kicin ta fito da babbar robar wanki ta ajiye ƙarƙashin tabon. Shi kuma ya kira dillali ya ce ya fasa.

Wannan duk mai sauƙi ne. Babbar jarrabawar tana shagon aski.

Ku duba halin da bawan Allah ya shiga. Ga labari mafi girma da ya taɓa riƙewa a rayuwarsa, yana yi masa ƙaiƙayi a harshe. Idan ya faɗa, ya yanka 'yarsa. Idan ya ci gaba da yabon wayar kamar da, ya yi wa abokansa ƙarya, wataƙila ma su ƙara saya. Idan kuma ya yi shiru, to shirun Rediyo ya fi shelar wani ƙarfi. Ya yi tunanin ƙin zuwa, sai ya tuna ko ranar da aka cire masa haƙori sai da ya je.

Sai ya je, ya zauna, ya buɗe baki ya kama zancen tattabaru. Ya yi bayanin yadda ake gane mace da namiji. Ya ba da tarihin wata farar tattabara da ta ɓace ta dawo da miji. Ya shiga maganin ƙwarƙwatar tsuntsaye, ya fita, ya koma kan tsadar hatsi. Mai Aski ya aske mutum uku, Rediyo bai sauka daga kan akurki ba.

Dogo ya ƙura masa ido. "Yau kuma an canza tasha ke nan? Ina zancen waya?"

"Na gaji da shi ne."

"Kai ka gaji da magana? Ruwa ba ya tsami banza. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma fuskarka ta faɗa min akwai wani abu. Me Injiniya ta ce?"

Hannun Rediyo ya tafi gemu da kansa, kamar yadda ya saba. Sai ya sauke shi ya ɗora kan gwiwa.

"Dogo, yarinyar nan ba ta kawo min zancen ofis. Kuma daga yau na daina cewa ku saya ko ku sayar. Kowa ya yi da idonsa."

"Shekara nawa muna tare?" in ji Dogo. "Yau ni za ka rufe?"

Maganar ta soki Rediyo, don yana son Dogo har ransa. Amma ya san magana zarar bunu ce, idan ta fita ba ta komawa. Sai ya ce farar tattabarar nan ma ta yi ƙwai.

Dogo ya tashi ya fita ba sallama. Bai tsaya nan ba. Yana da wani suruki da ke kai wa kamfanin kaya, ya bi shi ya matsa masa har ya ji ƙishin-ƙishin. Dogo ya sayar da hannun jarinsa kaf. Da ya tsaya a haka ma da sauƙi, amma Dogo na son a san ya riga kowa. Ya shiga zauren masu hannun jari na waya ya rubuta cewa kowa ya gudu, labari ne daga ciki. Da aka tambaye shi daga ina, ba ya so ya tona surukinsa, sai ya ce ai kowa ya san da wa yake zama a majalisa.

Da sanarwa ta fito, farashi ya rikito. Ba a jima ba hukumar da Dogo ya kira kare marar haƙori ta fara bin sawun waɗanda suka sayar ana gab da sanarwa. Saƙon Dogo ya kai su majalisa, majalisa ta kai su ga Rediyo, Rediyo ya kai su ga 'yarsa. Aka ce Injiniya ta zauna a gida har a gama bincike.

Ta dawo ɗakinta na da. Ba ta zargi mahaifinta da baki ba, amma ba ta iya kallonsa sosai. Wannan ya fi yoyon rufi ci masa rai. Ya gane cewa murmushin da ya yi ta yi a banza ne ya ba ƙaryar Dogo ƙafafun tsayawa.

Ranar da jami'ar hukumar ta zo gidan, ana tafka ruwan la'asar. Mace ce mai tabarau, ba ta da yawan fara'a. Ta yi sallama ta shigo falo, ta tarar da robar wanki da bokiti biyu da tukunya, kowanne na karɓar rabonsa. Ta zauna a kujerar baƙi, ɗigo ya sauka a kafaɗarta.

"Ranki ya daɗe, matso nan," in ji uwargida. "Wannan kujerar ta ruwa ce."

Jami'ar ta matsa, ta dubi Rediyo. "Baba, ka san da matsalar wayar kafin a sanar?"

Injiniya na tsaye a bakin ƙofa, ta runtse ido.

"Na sani," ya ce. "Ba ta faɗa min ba. Ina bayan akurki na ji tana waya, kuma ga teburin da abin ya ƙona, ba mu sauya ledar ba."

"Dillalinka ya ce ka yi niyyar sayar da rabi, sai kuma ka kira ka fasa. Me ya sa?"

Rediyo ya nuna silin. "Don wancan na yi niyya." Ya nuna 'yarsa. "Don waccan na fasa."

Wannan ita ce amsa mafi gajarta da aka taɓa ji daga bakinsa. Matarsa ma sai da ta juyo ta dube shi.

Jami'ar ta cire tabarau ta goge. Ta ce a aikinta ta saba ganin waɗanda suka ji labari suka ruga sayarwa, amma ba kasafai take ganin wanda ya ji labari ya janye hannu ba. Ta ce ta riga ta biya ta shagon aski. Mai Aski ya rantse mata cewa tun daga ranar ba abin da suke ji sai tattabaru, har ya roƙe ta idan hukuma na da iko ta hana.

Injiniya ta yi dariya, hawaye na zubo mata. Ta zo ta durƙusa gefen kujerar mahaifinta ta riƙe hannunsa.

Bincike ya gano surukin Dogo. Aka ci Dogo tara, aka karɓe abin da ya tsira da shi, aka dakatar da shi daga kasuwar na wani lokaci. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Injiniya ta koma aikinta da sunanta fes, kuma shugabanninta ba su manta cewa ita ce ta dage a faɗi gaskiya kan batirin ba.

Kada ku ɗauka Rediyo bai yi asara ba. Ya yi. Daminar nan kaf a cikin robobi suka yi ta. Mai Aski ma ya ji jiki, kuma wata rana yana yi masa gyaran fuska ya ce, "Da ka ɗan ƙyafta min ido, da na tsira."

"Da na ƙyafta maka, da yanzu kana benci ɗaya da Dogo a ofishin hukuma."

Mai Aski ya ce, "Haka ne kuma. Ɗaga haɓa."

Da taron shekara na masu hannun jari ya zo, Rediyo ya sa babbar rigarsa ya tafi. Aka ba shi lasifika. A gaban kowa ya ce har gobe yana goyon bayan kamfani ya ƙera wayarsa, amma a daina sa ranar biki kafin a gama ɗinki, kuma a riƙa sauraron masu gwaji tun da wuri. Ya ƙara da cewa a tuna da ƙananan masu jari irin su Mai Aski, a ɗan raba musu wani abu ko yaya ne. Aka tafa masa. Sai da aka karɓe lasifikar da lallami, don ya fara shiga zancen tattabaru.

Wayar ta fito a shekara ta gaba da batiri mai lafiya. Farashi ya farfaɗo a hankali, bai kai inda yake da ba, amma ya isa. Rediyo ya bari sai da aka gama duk wata sanarwa, labari ya zama na kowa, sannan ya sayar da abin da zai yi rufi.

Ranar da kafinta ya zo da sabon kwano, sai ga Dogo a ƙofar gida, yana sosa ƙeya. Tun abin da ya faru bai taka majalisa ba.

"Na ji ana aiki," ya ce. "Na ce ko ana neman mai miƙa kwano, tunda Allah ya ba ni tsawo."

Rediyo ya dube shi. Yana da maganganu cike da ciki da ya tanada domin wannan rana. Sai ya ce, "Ba ni za ka fara gani ba. Tana ciki."

Dogo ya cire takalmi ya shiga, ya ba Injiniya haƙuri a gaban mahaifiyarta. Ta ce, "Ya wuce, Kawu." Ya fito ya naɗe hannun riga, ya yini yana miƙa kwano.

Bayan an gama rufi, ruwan farko da rana ya sauka. Suna zaune a falo su uku, Injiniya a kan kujerar baƙi, ba roba, ba bokiti. Rediyo ya ɗaga kai yana sauraro, ko ɗigo ɗaya babu.

"Gidan ya yi shiru da yawa," ya ce.

"To kunna mana," in ji matarsa. "Yanzu dai mun san kana da wurin kashewa."

Darasi: Ba duk abin da kunne ya ji ne baki ke da izinin faɗa ba, kuma ba duk ribar da ka hango ce halalinka ba. Kafin ka ci moriyar wani sirri, ka tuna akwai wanda zai biya, wataƙila ma naka ne na jiki. Rufi idan ya lalace ana sauya shi, amma sunan ɗanka idan ya ɓaci ba kafintan da zai gyara. Ku tura wa 'yan majalisarku wannan labari, musamman wanda kuka san tasharsa ba ta rufewa.